Daren Amurka, Hantsin Kaduna

Wata Asabar da yamma ɗan yayata ya zo gidana a Unguwar Rimi, ya gaishe ni, ya zauna a bakin tabarma, har shayin da aka kawo masa ya huce bai taɓa ba. Da na matsa masa da tambaya sai ya miƙo mini wayarsa. A fuskarta akwai zanen farashin kasuwar hannun jarin Amurka irin mai kyandirori ja da kore, an ja layi biyu a kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Ya ce, "Kawu, wannan shi ne saman dare, wannan kuma ƙasan dare. Malaminmu ya ce in farashi ya taɓa na sama a sayar, in ya taɓa na ƙasa a saya."

Na ce, "To ɗana, sai aka yi yaya?"

Ya ce jiya Juma'a wajen ƙarfe ɗaya farashi ya taɓa layin sama, shi kuwa ya sayar kamar yadda aka koya masa, wato ya zuba kuɗinsa a kan cewa farashi zai sauko, ya jefa waya a aljihu ya nufi masallaci. Kafin liman ya sallame, abin da ya tara na wata bakwai a shagon gyaran waya ya salwanta. Malamin nasu, wanda ya karɓi kuɗin aji ya koya musu jan layi, bai taɓa gaya musu cewa a yawancin Juma'o'in farkon wata, da ƙarfe ɗaya da rabi agogon Kaduna, gwamnatin Amurka ke fitar da rahoton yawan waɗanda suka samu aiki ba, kuma a wannan minti farashi kan yi tsallen da babu layin da ke tare shi.

Tun daga ranar nake son in yi wannan rubutu, domin yaran da ke jan waɗannan layuka a Kaduna sun yi yawa, daga Kawo har Barnawa. Ra'ayina shi ne layukan nan ba ƙarya ba ne. Suna da ma'ana, kuma manyan 'yan kasuwar duniya suna duba su kowace rana. Ƙaryar tana wajen wanda ya mayar da su duba, ya ce su ne za su gaya maka inda farashi zai nufa.

Sai mun fara sanin mene ne ma ake saye da sayarwa, wato abin da ake kira S&P 500. S&P 500 ba kaya ba ne da za ka ɗauka a hannu. Ma'auni ne, lissafi ne da ke tattara farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka kimanin 500 ya fitar da lamba ɗaya. A 1982 kasuwar CME ta birnin Shikago ta fara ba da damar a ƙulla yarjejeniya a kan wannan lamba: mutum biyu su amince a kan wata lamba yau, in wa'adi ya cika wanda lambar ta juya wa baya ya biya ɗayan bambancin da tsabar kuɗi. Wannan yarjejeniya ita ce kwantiragi. A 1997 aka fito da ƙaramin kwantiragin da ake kira E-mini, inda kowane maki ɗaya yake daidai da dala 50. A 2019 aka ƙara ƙanƙanta shi, aka yi Micro, maki ɗaya dala 5. A ce ma'aunin yana kan 6,000. Kwantiragin Micro ɗaya tal darajarsa dala 30,000 ke nan, kuma in kasuwa ta motsa da kashi 1 cikin 100 kawai, ka ci ko an cinye ka dala 300. In ka yi lissafin dala a kan naira 1,500, naira 450,000 ke nan, fiye da albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wannan fa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun.

Kasuwar hannun jari ta Niyok tana buɗewa da ƙarfe 9:30 na safiyarsu ta tashi da ƙarfe 4 na yamma. Amma kwantiragin Shikago ba ya tashi tare da ita. A kan na'urar cinikin CME mai suna Globex ake cinikinsa, kusan awa 23 a rana, daga yammacin Lahadi zuwa yammacin Juma'a. Duk cinikin da aka yi daga tashin Niyok zuwa sake buɗewarta shi suke kira cinikin dare. Farashi mafi tsada da aka kai a wannan tsakanin shi ne saman dare, mafi araha shi ne ƙasan dare. Layukan ɗan yayata ke nan.

Yanzu ɗora wannan a kan agogonmu, ka ga abin da da yawa ba su lura da shi ba. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba, Niyok tana tashi da ƙarfe 9 na dare agogon Kaduna. Kwantiragin ya huta na awa ɗaya daga 10 zuwa 11. Ƙarfe 1 na dare Tokiyo ta buɗe. Ƙarfe 8 na safe Landan ta buɗe. Ƙarfe 1:30 na rana manyan rahotannin tattalin arzikin Amurka su fito, irin na aikin yi da na hauhawar farashi. Sai 2:30 na rana Niyok ta sake buɗewa. In sanyi ya shigo suka mayar da agogonsu baya, sai ka ƙara awa ɗaya a kan lokutan Amurka da na Landan. Ashe abin da suke kira dare ya kwashe mana tun daga bayan sallar Isha'i, ya haɗa da Asuba da hantsi, har bayan Azahar. Yaron Kaduna da ya karya kumallo ya buɗe waya da ƙarfe tara na safe yana ganin rana tsaka, amma a cikin daren kasuwar yake ciniki, lokacin da masu manyan kuɗin ba su fito ba. Kuma layin da ya ja da hantsi ba a gama rubuta shi ba. Saman dare bai tabbata saman dare ba sai ƙarfe 2:30. Ɗan yayata ya sayar a kan layin da ke da sauran awa ɗaya da rabi kafin ya kammala, ga rahoto mafi girgiza kasuwa yana tafe a cikin wannan ratar.

Wanda ya taɓa sammako zuwa kasuwar Bakin Dogo ba ya buƙatar dogon bayani. Motocin tumatir da tattasai sun kwana suna shigowa, dillalai ƙalilan ne a tsaye da tocila, masu saye ba su fi a ƙirga ba. A wannan duhun ake yanka farashin kwandon farko. In gari ya waye, masu abincin sayarwa da 'yan kiri suka cika wuri, tambayar farko da kowa ke yi ita ce nawa aka sayar da asuba. Tambaya ce mai amfani, domin daga nan ciniki ke tashi. Mai kaya ba ya son ya sayar ƙasa da haka, mai saye ba ya son ya biya sama da haka. Amma babu ɗan kasuwar kirki da zai rantse maka cewa farashin asuba shi ne na azahar. Motoci uku su ƙara shigowa daga Zariya, ko a ji an tare hanya babu mai shigowa, shi ke nan lissafi ya sake.

Haka abin yake a can. Darajar layukan dare ta samo asali ne daga cewa kowa yana ganinsu. Dubban mutane sun ja layi ɗaya a wuri ɗaya. Waɗanda suka sayar da dare sukan ajiye umarnin yanke asara, wato a rufe musu ciniki da zarar farashi ya kai wurin, ɗan sama kaɗan da saman dare, waɗanda suka saya su ajiye nasu ɗan ƙasa da ƙasan dare. Saboda haka umarni yakan taru jingim a bakin layukan, kuma in farashi ya iso wurin sai ciniki ya yi zafi. Wani lokaci ya bugi layin ya dawo, wani lokaci ya fasa shi ya tsinke da gudu domin umarnin da ke jibge a wurin sun tashi gaba ɗaya. Layin ya gaya maka inda za a yi kokawa. Bai gaya maka wanda zai yi kaye ba. Malaman waya suna nuna wa yara hotunan ranakun da farashi ya bugi layi ya dawo, su ɓoye na ranakun da ya fasa.

Akwai kuma batun kayan da 'yan dare suka kwana da su a hannu. In duk daren farashi yana sama da inda aka tashi jiya, to mafi yawan masu cinikin dare sun saya ke nan, suna jiran wanda za su sayar wa. In Niyok ta buɗe manyan masu saye ba su biyo baya ba, sai su ruga su sauke kayan, farashi ya koma ya cike giɓin da ke tsakanin tashin jiya da buɗewar yau. In kuwa manyan suka zo da nasu sayen, giɓin sai ya ƙara faɗi. Ɗan kasuwar da ya ƙware yana kallon wannan ne a mintunan farko na buɗewa domin ya gane ko masu kuɗin rana sun amince da farashin 'yan dare ko sun ƙi shi. Jira yake ya gani, ba ya riga malam masallaci.

Mu Hausawa muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wannan karin maganar ce masu sayar da aji suka jingina da ita ko da ba su faɗe ta ba. To tarihin kasuwar ya ba da amsa iri biyu. Daren zaɓen Amurka na 8 ga Nuwamba 2016, da sakamako ya fara nuna Donald Trump ne zai ci, kwantiragin S&P 500 ya faɗi da kashi 5 cikin 100, iyakar faɗuwar da dokar kasuwar ta yarda a yi da dare a wancan lokacin. A nan Kaduna wajen asuba ke nan. Wanda ya gaskata wannan daren ya sayar ya sha kashi, domin ranar 9 ga wata kasuwar ta tashi da ƙarin sama da kashi 1 cikin 100. A Maris 2020 kuwa dare gaskiya ya faɗa. Daren Lahadi 8 ga wata, ga korona ga faɗan farashin mai tsakanin Saudiyya da Rasha, kwantiragin ya sake bugun iyakarsa ta kashi 5. Da Niyok ta buɗe ranar Litinin, cikin 'yan mintuna ta faɗi da kashi 7 har aka dakatar da ciniki na minti 15. Sau huɗu aka yi irin wannan dakatarwa a cikin watan, a ranakun 9, 12, 16 da 18. Alama iri ɗaya ce a daren 2016 da na 2020, sakamako kuwa hannun riga.

Daren Maris 2020 shi ne ya sa nake cewa sanin farashin dare ya shafe mu ko ba mu da ko sisi a Shikago. Kasafin kuɗin Najeriya na 2020 an gina shi ne a kan gangar mai dala 57. Kafin watan ya ƙare Babban Banki ya matsar da farashin dala na hukuma daga wajen naira 307 zuwa 360, daga baya aka sake kasafin gaba ɗaya. Mai shigo da kaya a kasuwar Sheikh Gumi, da ɗan canji, da mai sayen taki da yawa, duk wanda a cikinsu ya san duba abin da ya faru da dare ya riga maƙwabcinsa jin ƙanshin hadari. A nan ne nake ganin ainihin amfanin abin, wato ya zama kamar duban sararin sama kafin a shanya hatsi. Ranar 5 ga Agusta 2024 ma'aunin Nikkei na Japan ya faɗi da kashi 12.4 cikin 100 muna barci, kuma kafin Niyok ta buɗe duk mai ido ya san ranar ba za ta yi daɗi ba. Manyan kamfanoni irin su Apple da Microsoft da Nvidia sai bayan an tashi kasuwa suke bayyana ribarsu, saboda haka martanin farko a cinikin dare yake bayyana.

Masu bincike ma sun daɗe da lura cewa dare yana da wani hali nasa. Wani nazari da ya fito daga reshen Niyok na babban bankin Amurka ya nuna cewa kaso mai yawa na ribar kwantiragin S&P 500 cikin shekaru kusan ashirin ya taru ne a tsakanin ƙarfe 2 da 3 na darensu, daidai lokacin da kasuwannin Turai ke buɗewa, wato safiyarmu lokacin kai yara makaranta. Mai ji zai ce ga kuɗi a ƙasa. Amma wanda zai saya ya sayar kowace rana domin ribar awa ɗaya, la'adar dillali da ratar farashin saye da na sayarwa za su cinye masa mafi yawanta. A 2022 wani kamfani a Amurka ya kafa asusun jari musamman domin kamo ribar dare, kimanin shekara ɗaya aka rufe shi. Waɗannan masu na'urori ne da ma'aikata da lauyoyi. Ina ga yaron da ke fama da ɗaukewar wuta da katsewar sabis, yana cajin waya a shagon maƙwabci?

Sannan akwai wani abu da ya fi ci mini rai. Yawancin yaranmu ba kwantiragin Shikago suke ciniki ba ko kaɗan. Abin da ke cikin manhajarsu, mai suna US500 ko US30 ko NAS100, wato kwaikwayon ma'aunan hannun jarin Amurka, caca ce a kan bambancin farashi tsakaninsu da wani dillalin intanet da ba su san ofishinsa ba. Dillalin ne ke nuna farashin, shi ke faɗaɗa ratar saye da sayarwa in rahoto zai fito, kuma sau da yawa shi ne a ɗaya ɓangaren cinikin, asararka ribarsa. Saman daren da ke wayarka ma yana iya bambanta da na Shikago. Ya kuma ba ka bashi ninki ɗari ko fiye a kan ɗan abin da ka ajiye, alhali a Turai tun 2018 hukumarsu ta taƙaita wannan bashi zuwa ninki 20 a kan manyan ma'aunai, bayan ta gano cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Da ninki ɗari, motsin kashi 1 cikin 100 ya isa ya share ka. Ɗan yayata ya sa umarnin yanke asara, ya nuna mini a wayar. Amma da rahoto ya fito farashi bai taka wurin ba, tsallake shi ya yi, aka rufe masa can nesa da inda ya ajiye.

Ko a ainihin kasuwar ma labarin bai fi haka daɗi ba. A Barazil masu bincike sun bi diddigin mutanen da suka fara cinikin yini a kan kwantiragin ma'aunin hannun jarin ƙasar tsakanin 2013 da 2015. A cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300, kashi 97 cikin 100 asara suka tafka, kuma kashi 1.1 ne kacal suka samu abin da ya wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar. Waɗannan ba waɗanda suka gwada suka gudu ba ne, su ne masu naci. A Indiya hukumar kula da kasuwar hannun jari ta bayyana a 2024 cewa kashi 93 cikin 100 na ɗaiɗaikun masu irin wannan ciniki sun yi asara cikin shekara uku. Ina da yaƙinin da yawansu sun san saman dare da ƙasan dare kamar yunwar cikinsu.

Ban isa in yi wannan magana a Kaduna in tsallake batun addini ba, domin mahaifiyar yaron abin da ta fara tambayata ke nan. Ni ba malami ba ne, amma hukuncin a rubuce yake. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce saye da sayar da ma'auni bai halatta ba, domin caca ce zalla kuma sayar da abin da babu shi ne. Wannan ya sha bamban da salam da muka sani, inda za ka biya manomin Saminaka kuɗin masara gaba ɗaya yau, a kan buhu kaza a wata kaza, kuma masarar ta zo a auna ta. Ya kuma bambanta da sayen hannun jarin kamfani mai sana'ar halal ka riƙe. Abin da na roƙi malamanmu shi ne su san yadda cinikin yake kafin su hau mumbari a kansa. Yaron da ya ji an ce haramun ne ba tare da an nuna masa an fahimci abin da yake yi ba, zai fita ya ce malam bai waye ba, ya koma wurin mai aji.

Su kuma masu ajin, doka ta fara waiwayarsu. Dokar zuba jari ta 2025 ta wajabta wa masu gudanar da irin waɗannan dandamali yin rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, kuma rushewar dandalin zuba kuɗi na intanet CBEX a Afrilun 2025 ta nuna yawan mutanen da ke miƙa kuɗinsu ga wanda ba su taɓa gani ba. Ni abin da nake nema bai da yawa. Duk wanda zai karɓi kuɗin ɗan mutane ya koya masa layukan dare, to ya fito da cikakken bayanin asusunsa na shekara guda, da ranakun ci da na faɗuwa, ba hoton mota ba. Kuma jami'ar jiha da Kadpoly su koyar da wannan fanni a fili, da agogonsa da lissafinsa da haɗarinsa. Kasuwarmu ta hannun jari, NGX, tun Afrilu 2022 ta fara nata kwantiragin a kan ma'aunin NGX 30 da na fansho, saboda haka ana buƙatar masu ilimin abin a gida, masu aikin kare jarin fansho da na kamfanoni daga faɗuwa, wanda dama don haka aka ƙirƙiro kwantiragin tun farko.

Ɗan yayata ban ce masa ya goge layukansa ba. Na ba shi littafin rubutu mai shafi 80, na ce kowace rana da ƙarfe 2:25 ya rubuta saman dare da ƙasan dare da inda aka tashi jiya, ya rubuta ko akwai rahoton da ya fito, sannan bayan sallar Isha'i ya rubuta abin da farashi ya yi a zahiri, ba tare da ya sa ko kwabo ba. Ya koma shagonsa na gyaran waya. Makon jiya ya kawo mini littafin ya cika rabi, ya buɗe wani shafi ya sa yatsa a kai ya ce, "Kawu, dubi nan. Kwana uku a jere ya bugi layin ya dawo, ran na huɗu ya fasa shi, kuma abin da ya tafi da shi ya fi na kwana ukun a haɗe."